Shaida a daren husufin wata: zai iya gane fuska?

Mai_Fitila: Assalamu alaikum. Ina karanta wani littafin binciken kisan kai da aka gina a Turai ta ƙarni na 15. Shaida ya rantse ya ga fuskar makashin da hasken wata, sai mai binciken ya buɗe littafin lissafin taurari, ya nuna a daren nan wata ya yi husufi. Abin ya tsaya mini a rai, don na kalli na 21 ga Janairu 2019 cikin tsananin sanyi. Wata ya yi ja kamar garwashi, taurarin da haskensa ya ɓoye duk suka fito. Shin mutanen wancan zamani sun iya wannan lissafin? Kuma duhun ya isa ya ƙaryata shaida?

Dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata. Sun iya sosai. Tun mutanen Babila an gano husufi na maimaituwa bayan shekara 18 da kwana 11. A 1474 masanin taurari Regiomontanus ya buga jadawalin taurari a birnin Nuremberg na Jamus. Columbus ma da irin wannan lissafi ya tsorata mutanen Jamaika a daren 29 ga Fabrairu 1504, da suka daina kawo wa mutanensa guzuri. Ta nan marubucin bai zarce ba.

Uwar_Biyu: Ni lokacin nake tuhuma. Cikar husufin da kika gani sa'a ɗaya ce da 'yan mintoci. Husufi kuma ba ya faruwa sai wata ya cika, a hunturun Turai kuwa cikakken wata can sama yake hawa, ga dare dogo, ga ƙanƙara a ƙasa tana ƙara haske. In littafin bai ɗaure kisan da wannan sa'a ba, shaida na da gaskiyarsa.

Mai_Fitila: Ya ɗaure, Yaya. Ƙararrawar coci ta buga daidai lokacin da aka ji ihu.

Dattijo: To ya yi aikinsa. Duhun dai ba ɗaya ba ne kullum. Jan nan hasken rana ne da ya ratso iskar duniya ya lanƙwasa zuwa wata. In ƙura ta yi yawa a sama sai ya dushe. Na Disamba 1992, bayan aman wuta na dutsen Pinatubo da ke ƙasar Philippines, da ƙyar aka ga watan. Ki sa ido kan husufin ranar 31 ga Disamba 2028, ki tsayar da wani nesa da fitila ki gwada gane shi.