Ƙanena soja ne a Jamus, wai an rage musu alawus, gaskiya ne ko aikin mata ne?

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar soja ku taimaka min don gidanmu ya ɗau zafi. Ƙanena mai bi min ya daɗe a Amurka har ya shiga sojansu, shekara biyu kenan aka tura shi Jamus da matarsa da yara biyu. Tun da ya je can abin da yake turo wa Hajiya duk wata ya ƙaru, har ta saba, ta shiga adashe biyu ga kuɗin makarantar jikoki da ta ɗaukar wa kanta. To wata uku kenan ya rage, da na kira shi sai ya ce wai wani alawus ne da ake ce wa COLA aka zaftare musu, na ce kola kuma kamar lemon kwalba, ya yi dariya ya ce kuɗin tsadar rayuwa ne. Hajiya kam ta ce ba ta yarda ba, ina aka taɓa rage wa soja kuɗi ana zaune lafiya alhali shi da bakinsa yake cewa komai ya yi tsada a can? Ta ce matar ce ta kanainaye shi. Ni dai ina tsakiya, ko gaisuwa yarinyar ta kira yanzu da ƙyar Hajiya take amsawa.

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam Yaya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, akwai abin kuma ana rage shi. Ba albashi ba ne, ciko ne. Suna duba farashin kaya a garin da aka tura soja, abinci, sutura, kuɗin mota da sauransu, sai a gwada da farashin Amurka. Misali in an ce Amurka 100 ce, garin da yake ya kama 120, to wannan 20 ɗin ake cike masa, kuma ba a kan dukkan albashi ba, a kan ɓangaren da aka ƙiyasta yana kashewa a cefane da hidimar yau da kullum ne. Muƙami da shekarun aiki da yawan iyali duk suna shiga lissafin, ba a cire masa haraji, kuɗin haya kuma alawus ɗinsa daban.

Inda Hajiya ta rikice shi ne batun tsada, kuma wlh ba ita kaɗai ba har su sojojin abin na ba su haushi. Ko kaya sun tashi a Jamus, in tashin na Amurka ya fi, tazarar ta ragu kenan sai ciko ya sauka. Haka in dala ta yi ƙarfi a kan yuro, tunda da dala ake biyansa da yuro yake cefane, sai a ce ai dalarka ta ƙara auki. A da, don canji kawai akan taɓa kuɗin har sau biyu a wata. A 2022 hauhawar farashi a Amurka ta kai kashi 9.1 a watan Yuni, yuro kuma ta faɗi ƙasa da dala karon farko cikin shekara 20, shi ya sa a 2023 aka yi musu yankan da sai da aka raba shi biyu, Mayu da Nuwamba, don kar ya zo musu gaba ɗaya.

Tsohon Saje, Basawa:
'Yata a gaishe da Hajiya, a ce ta yi haƙuri. Ni karanta bayanin yaron nan ma dariya ya ba ni, su har da iyali ake tafiya a kuma biya su kuɗin tsadar kasuwa. Mu da muka je aikin wanzar da zaman lafiya a Laberiya da Darfur, daga Jaji ake gama horo a ɗauke ka, madam da yara suna nan bariki, sai fa irin manyan da ake turawa ofishin jakadanci su ne ke tafiya da iyali. Majalisar Ɗinkin Duniya gwamnati take biya a kan kowane soja, a zamaninmu dala 1,028 a wata, daga 2022 ya koma 1,448, gwamnati ce kuma ke yanke abin da zai zo hannunka. Abin da Majalisar ke ba ka kai tsaye dala ɗaya da santi 28 ne a rana, na sabulu. Amma ka dawo gida kowa ya ɗauka buhun dala ka shigo da shi, ƙanin babana har babur ya sa min rana. Kuma maganar alawus ba wasa ba ce a soja, ku tuna 2008 a Akure da sojojin da suka dawo daga Laberiya suka fito titi a kan kuɗinsu, 27 aka yanke wa ɗaurin rai da rai kafin a mayar shekara bakwai.

Ummu Sadiq:
Ni abin da ya tsaya min shi ne yadda nan take aka tafi kan matar. Baiwar Allah tana ƙasar sanyi da yara biyu ba uwa ba dangi, ita ce ma za ta fara ji a tukunya in an rage, amma ita ce mai laifi? Haba Hajiya. Maman Khalifa ki tambaye shi, dalar ya rage ko nairar ce ta zo ƙasa, don ba ɗaya ba ne. Kafin Yunin 2023 canjin banki wajen 460 ne, a 2024 ya haura 1,500, mutane da yawa sun ɗauka ƙari aka yi musu alhali canji ne, kuma kasuwar Sabon Gari ta riga ta cinye ƙarin. In canji ya ɗan sauko sai a ce ɗa ya canza hali.

Ɗan Samaru:
Ƙwarai kuwa Anti. Kuma Yaya ki gaya wa Hajiya tun yanzu, ranar da aka mayar da shi Amurka wannan na ƙasar waje ya tsaya ɗungurungum, kar ta sake ɗaura adashe a kansa.

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Na gode Allah ya saka da alheri, Baba Saje Hajiya tana amsawa. Na kira shi jiya da daddare, dalar ce ya rage, ya turo min hoton takardar albashinsa ta wata biyu daban-daban, ga layin COLA ɗin nan kuwa ya sauka. Na nuna wa Hajiya ta sa tabarau ta daɗe tana kallo duk da ba Turanci take ji ba, can ta ce to shi ba zai je ya yi wa ogansa magana ba? Na ce ba oga ne ke yankewa ba. Ta yi shiru. Matar dai ta kira da safe ta amsa har ta tambayi yara. Adashe ɗaya kuma ni zan karɓi zubin har a kai kwasarta a watan jibi, ɗayan ban san yadda za mu yi da uwar adashen ba tukuna.