Tatsar gajimare ce ta janyo ambaliyar Dubai?

Bala: Ni dai har gobe ban yarda ambaliyar Dubai ta Afrilun 2024 haka kawai ta zo ba. Ƙasar da jiragenta ke kutsawa cikin gajimare suna watsa gishiri don ruwa ya sauko, wato tatsar gajimare, sai ga ruwan da ya fi na shekara guda ya sauka a yini ɗaya, a ce ba hannunsu?

Hajiya Rabi: Malam Bala, to Oman fa? Can hadarin ya fara ɓarna, har da asarar rayuka. Masu hasashen yanayi kuma sun hango shi tun da sauran kwanaki. Hukumar yanayi ta Daular Larabawa ma ta ce ba ta watsa komai a cikinsa ba.

Bala: Dama amsa laifi za su yi, Hajiya?

Injiniya Sani: Ko sun watsa, aikin bai kai nan ba. Gishirin, ko sinadarin silba ayodayid, danshin da ke cikin gajimaren yake ba wurin taruwa, ɗigo ya yi nauyi ya faɗo. Sai akwai gajimaren tukuna. Saniyar da ba ta da nono, ko kwana ka yi kana tatsa, a banza. Tun 1946 da masanin kimiyya Vincent Schaefer ya gwada da busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar kabon dayoksaid, a Amurka ake gardamar yawan ruwan da yake ƙarawa, don ba mai iya rantsewa kan abin da zai sauka da ba a watsa ba. A Khatm Al Shakla, wani yanki na Daular Larabawa, ruwan sama milimita 254 aka auna a lokacin ambaliyar cikin ƙasa da awa 24. Wane gishiri ne zai sauko da wannan?

Zainab: Yaya Sani, kar dai ka raina abin. Daga 1967 zuwa 1972 sojojin Amurka sun yi ta tatsar gajimare a yaƙin Biyetnam don laka ta datse hanyar Ho Chi Minh, wadda abokan gabarsu ke bi suna kai makamai da kayan yaƙi. Da wasa ne, da ba a sa hannu a yarjejeniyar hana yaƙi da yanayi ba a 1977.

Injiniya Sani: Yana aiki, ƙanwata, amma ɗan ƙari ne.

Hajiya Rabi: Ni zargin da yake haifarwa ya fi ba ni tsoro. A 2018 wani janar na Iran ya ce Isra'ila na sace musu gajimare, sai da wani babban jami'in hukumar yanayi ta ƙasarsu ya fito ya musanta.

Bala: To idan maƙwabciyar ƙasa ta tatsa, mu fari ya same mu, ina za mu kai ƙara?

Zainab: Ba dai da yarjejeniyar 1977 ba. Ita kan amfani na yaƙi da gaba ta tsaya, tatsar neman ruwa ba ta hana ba.