Muhawara: Idan an canza wa mutum warfarin zuwa na wani kamfani, sai an sake masa awon jini?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake tsaye a kanta: warfarin, maganin tsinka jini da ke hana jini daskarewa, warfarin ne, ko wane kamfani ya buga shi. Mutum yana shan miligiram 5 na kamfanin asali, aka ba shi miligiram 5 na jenerik, wato wanda wani kamfani ya yi bayan haƙƙin mallakar na farkon ya ƙare, to babu dalilin tayar masa da hankali, babu kuma buƙatar tura shi ƙarin awon INR, wato awon da ke nuna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare. Galibi ba a ba jenerik lasisi sai an ba mutane shi da na asalin, an auna abin da ya shiga jininsu. Hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta taɓa tattara irin waɗannan gwaje-gwaje har 2,070 da aka yi tsakanin 1996 da 2007, sai bambancin abin da jiki ya zuƙa ya tsaya a kusan kashi 3.5 cikin ɗari. Shi kansa Coumadin, warfarin na kamfanin asali da ake tinƙaho da shi, kamfaninsa ya daina yin sa a Amurka tun 2020.

Usman: Wa alaikumus salam, Malam. To amma ai dokar ta yarda jenerik ya faɗa tsakanin kashi 80 da 125 na asalin. Ke nan yau a ba mutum mai 80, wata mai zuwa a ba shi mai 125. A maganin tsinka jini wannan ba wasa ba ne.

Dokta Maryam: Usman, ba haka lissafin yake ba. Wannan iyaka ba ta yawan maganin da ke cikin ƙwaya ba ce. Ta abin da aka auna a jini ce, kuma ba matsakaicin sakamakon kaɗai ake dubawa ba, dole duk faɗin shakkun da ke tattare da lissafin ya shige cikin iyakar. Maganin da matsakaicinsa ya sauka kusa da 80 ba zai tsallake ba. Ga magungunan da tazarar amfaninsu da cutarwarsu ƙanƙanuwa ce, hukumar magunguna ta Turai ta ƙara matse iyakar zuwa 90 da 111. A nan ina tare da Malam Habibu.

Inda muka rabu shi ne cewa ba sai an yi awo ba. Lafiyayyen da ba ya shan komai INR ɗinsa kusan 1 ne. Mai bugun zuciya mara tsari, ko wanda jini ya daskare masa a jijiyar ƙafa ko huhu, ana so ya zauna tsakanin 2 da 3. Mai bawul ɗin ƙarfe, wato wanda aka dasa wa ƙofar ƙarfe a zuciya a madadin ta ɓangaren hagu da ake kira mitral, 2.5 zuwa 3.5. Ƙasa da haka gudan jini, sama da haka zubar jini. Wanda yake zaune a 2.9 ko a 2.1, ɗan motsi kaɗan ya ishe shi ya fita. Awo ɗaya ne fa, digon jini daga yatsa ko ɗan abin da za a ɗiba a hannu. Me za a yi asara?

Usman: Na karɓi gyara, Likita. Awon kuma yaushe? Washegarin canjin?

Dokta Maryam: A'a, awon washegari yaudara ne. Warfarin ba ya narkar da komai, kuma duk da sunan da muke kiran sa ba ya sa jini ya yi ruwa-ruwa. Hanta yake hanawa ta yi amfani da bitamin K wajen ƙera sinadaran daskarewa guda huɗu, na 2, na 7, na 9 da na 10. Waɗanda aka riga aka ƙera suna nan suna yawo sai sun ƙare da kansu. Na 7 cikin 'yan sa'o'i yake raguwa, na 2 kuwa sai ya kusa kwana uku kafin rabinsa ya tafi. Shi ma maganin kimanin awa 40 yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jiki. Don haka a bari kwana 5 zuwa 7, a auna. In an ga lambar ta gusa, a sake bayan mako ɗaya ko biyu. In ta zauna daram, a koma tsarin da aka saba.

Hajiya Rabi: Ku duka kuna ta magana a kan abin da ke cikin ƙwayar, alhali ɓarnar a hannun mai sha take faruwa. Yawancin masu shan warfarin ba lamba suke riƙewa ba, launi suke riƙewa: "ɗaya shuɗiya da rabin ruwan hoda." To launin ba ɗaya ba ne a duniya. A tsarin Ingila, ruwan ƙasa miligiram 1 ce, shuɗiya 3, ruwan hoda 5, fara kuma rabin miligiram. A tsarin Amurka, ruwan hoda miligiram 1 ce, shuɗiya 4, fara 10. Ku duba da kyau. Wanda ya saba da ruwan hoda ta Amurka, aka miƙa masa ruwan hoda ta Ingila, ya ninka abin da yake sha sau biyar bai sani ba. Fara kuwa ninki ashirin ne tsakaninsu. Wasu kamfanonin ma ba sa bin kowane tsari, duk ƙwayoyinsu farare ne.

Kuskure na biyu: an ba shi sabon kwali mai sabon suna, tsohon bai ƙare ba. A gida ya ga Marevan, sunan da wani kamfani ya sa wa warfarin, a wannan, ya ga warfarin a wancan, ya ɗauka likita ya ƙara masa magani ne, yana haɗa su yana sha. Bayan kwanaki sai haɓo, dasashi na jini, fitsari ya yi ja.

Abin da ya kamata mai ba da magani ya yi ba shi da yawa. Ya ajiye tsohon kwali kusa da sabo, ya nuna wa mutum cewa sunan sinadarin ɗaya ne. Ya rubuta masa adadin kowace rana da miligiram, sannan da yawan ƙwaya. Ya sa shi ya maimaita da bakinsa. Ya rubuta ranar canjin da sunan kamfanin a littafin INR.

Malam Habibu: Hajiya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne, amma ai kin ƙarfafa ni ne. Wannan laifin miƙa magani ne, ba na jenerik ba. Kuma ga abin da nake tsoro: da zarar an cusa wa mutane cewa jenerik abin zargi ne, duk lokacin da INR ya hau sai a ce "sabon maganin ne", a daina bincike. Alhali mutumin an ba shi maganin ƙwayoyin cuta irin metronidazole ko co-trimoxazole ko fluconazole a makon, kuma kowannensu yana iya cilla INR sama. Amiodarone na bugun zuciya ma haka, a hankali cikin makonni. Rifampicin na tarin fuka kuwa ƙasa yake jan sa sosai. Ga gudawa, ga zazzaɓin da ya hana cin abinci, ga wanda ya ƙara ko ya rage cin koren ganye kwatsam. Ibuprofen da diclofenac ba lallai su taɓa lambar ba, amma suna jawo zubar jini a ciki. Mafi muni, wani ya rasa samfurin da ya saba, ya ƙi na madadin, ya zauna kwana goma ba magani. Mai bawul ɗin ƙarfe ya yi haka, shanyewar ɓarin jiki yake kira.

Dokta Maryam: Wannan na ƙarshen na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Kowane warfarin mai rajista ya fi babu. Sai dai "warfarin warfarin ne" ba ko'ina ba, Malam. A Ostareliya ana sayar da Coumadin da Marevan, kuma ƙa'idarsu ita ce ba a musanya su, domin ba a tabbatar da daidaitonsu da juna ba. Wani abu kuma: kowane jenerik da na asali aka gwada shi, ba da ɗan'uwansa jenerik ba. Shi ya sa na fi son mutum ya tsaya a kamfani ɗaya muddin ana samu.

Alhaji Isiyaku: A gafarce ni, akwai rami biyu da ba a taɓo ba. Na farko, alƙaluman Malam Habibu na maganin da ya bi ta hannun hukuma ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita jabu ne ko marasa inganci. Jabu ba jenerik ba ne, amma a rigarsa yake shigowa. A duba lambar rajista, lambar rukunin da aka buga, da ranar ƙarewar wa'adi, a ga na jikin kwali sun yi daidai da na jikin katin ƙwayoyin. A warfarin ma da sauƙi, awo zai tona asiri. Sauran magungunan tsinka jini, apixaban da rivaroxaban da dabigatran, ba su da awon yau da kullum irin INR. Ƙwayar da ba komai a cikinta ba za a gane ba sai ƙafa ta kumbura ko baki ya karkace.

Na biyu, a daina kiran apixaban "madadin warfarin" kamar jenerik ɗinsa ne. Wani magani ne dabam, likita ne ke canza shi. Ana tsayar da warfarin, a jira INR ya sauka ƙasa da 2, sannan a fara apixaban. Mai bawul ɗin ƙarfe ba a ba shi apixaban ko rivaroxaban ko dabigatran sam. An gwada dabigatran a kan masu bawul ɗin ƙarfe, aka tsayar da gwajin tun bai ƙare ba saboda gudan jini da zubar jini duk sun ƙaru. Rivaroxaban na miligiram 15 da 20 tare da abinci ake shan sa, ko na wane kamfani ne, in ba haka ba jiki ba ya zuƙar sa yadda ya kamata. Dabigatran kuma ba a fasa kwansonsa, ba a juye shi a akwatin ƙwayoyi na mako, danshi yana lalata shi.

Malam Habibu: Alhaji, wannan na karɓa. A kan awon dai har yanzu ina ganin wanda lambarsa ta shekara a zaune, aka kuma bi matakan Hajiya, zai iya jiran ranar awonsa.

Dokta Maryam: In ranar ta faɗo cikin mako ɗaya ko biyu, ba mu da faɗa. In saura wata biyu, a matso da ita. Mai bawul ɗin ƙarfe, da tsoho, da mai ciwon hanta, da wanda ya taɓa zubar da jini, ba na jira da su.

Usman: Ragowar tsofaffin ƙwayoyin fa, a zubar?

Hajiya Rabi: In ba su lalace ba, ya shanye su tukuna, sabon kwalin yana ajiye a wani wuri dabam, kada su haɗu a kwalba ɗaya. Ranar da ya buɗe sabon, daga ranar ake ƙirga kwanakin awo. In ya ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko haɓon da ya wuce minti 10 bai tsaya ba, ko ciwon kai mai tsanani da bai saba ba, kada ya jira awo, asibiti kai tsaye, da kwalayen biyu a hannunsa.