Alkawarin shekarar 2000: musayar baitoci

Baba Na-Kakuri: Jama'a, ga 'yan baitoci kan abin da aka ce mana muna samari. Mai amsa ya amsa.

A 1960 muka ɗaga tuta,
Aka ce yanzu talaka zai huta,
Kainji na tafe, za ta ba mu wuta,
Ko ƙauye ba za a bari ba.

A 1978 aka yi taro,
Can Alma-Ata, ba wasan yaro,
Aka ce 2000 babu tsoro,
Lafiya ba za ta tsallake kowa ba.

Ina masaƙa nan a Kakuri,
Muna saƙa da dogon buri,
Yau ƙofa rufe, sai haƙuri,
2000 ta wuce, ban ga lafiyar ba.

Jikar Ungozoma: Baba, a gafarce ni, zan ɗan ja da kai.

Baba, ka manta ne da agana?
Kakata ta sha ba ni magana,
Yaro ya kwanta kwana da kwana,
In ya tashi, fuskar ba tasa ba.

Masu lamba suka fito tare,
Kasuwa, tsangaya, har cikin dare,
A 1980 aka ce ta ƙare,
Duniya ba ta sake ganinta ba.

Ga kurkunu mai hana noma,
A naɗe shi a tsinke ana fama,
Tace ruwa ya kai shi ƙiyama,
Yaran yau ko sunan ba su sani ba.

Ɗan Sawaba: Ku ajiye zancen allura, ga namu na siyasa.

Mu a NEPU mun sha ɗauri,
'Yan dokan En'e da dukan mari,
Don Malam Aminu ya zo da tsari,
Talaka ba bawan kowa ba.

A 1979 aka soke haraji,
Da jangali, har Fulanin daji
Sun daina ɓoyon shanu, ku ji,
Rimi da Balarabe ba su yi wasa ba.

Muka ce ƙuri'a ce gaskiya,
Ita za ta kore mana tsiya,
Yau ana saye da ƙullin taliya,
Wannan kam ba mu hango ba.

Auta: Iyayena, ni bayan 2000 aka haife ni.

Ku kun ci UPE, boko kyauta,
Tun 1976, har da alli da takarda,
Mu ajinmu rufin ya fita,
Ko alkawarin ba a yi mana ba.

Baba Na-Kakuri: 'Yata Jikar Ungozoma, na ji ki.

Lambar tana nan a damtsena,
Ban musa miki batun agana,
Amma jiya na kai jikana,
Zazzaɓi bai bar shi ya yi barci ba.

Aka ba ni takarda, je ka sayo
Ruwan ƙari da allura, ka kawo,
Safar hannu ma ni na biyo,
Alma-Ata ba haka ta ce ba.

Jikar Ungozoma:

Allah ya ba shi lafiya, Baba,
Amma in tambaye ka, ba gaba,
Gidan sauron da aka raba,
Ba shi ka kewaye tumatir da shi ba?

Baba Na-Kakuri: Ja'ira! Wa ya gaya miki? Bari in yi la'asar, zan dawo miki da amsa.