Haɗa sito da babban ofishi ba tare da jan waya ba

Malam Isiyaku ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna sana'ar takin zamani da maganin feshi, babban ofishinmu yana kusa da PZ a Zariya, kuma a nan intanet ɗinmu da kwamfutar lissafin kaya suke. Mun kama sito a cikin Sabon Gari, tazarar kamar mita 800, muna so akawun da ke can ya riƙa shigar da kayan da suka fita kai tsaye, mu kuma mu riƙa kallon kyamarori biyu daga ofis. Jan waya ba zai yiwu ba saboda titi da gidajen jama'a. Ofishin bene ne, siton kuwa ba bene ba ne, kuma akwai itatuwan dogon yaro a tsakani. Wace na'ura ta dace mu saya?

Injiniya Bala ya amsa:

Wa'alaikumus salam Malam Isiyaku. Ko da hanya a buɗe take, wayar kwamfuta ta yau da kullum ba ta wuce mita 100, saboda haka rediyo biyu masu fuskantar juna kuke bukata, wato na'urorin aika intanet ta iska, ɗaya a saman benen, ɗaya a siton. LiteBeam ko NanoStation na kamfanin Ubiquiti, ko SXT na MikroTik, duk za su ɗauki mita 800 ba tare da wahala ba, amma a zaɓi masu aiki a kan zangon 5 GHz, domin 2.4 GHz ta cika da cunkoson wayoyi da na'urorin maƙwabta.

Sai dai kafin ka kashe ko naira ɗaya, ka hau benen ka duba ko kana hango rufin siton. Hangen kaɗai ma bai wadatar ba, domin saƙon rediyo ba ya tafiya kamar zare, yana buɗewa ne a tsakiyar hanya, abin da ake kira yankin Fresnel. A tazarar taku, faɗinsa a tsakiya ya kai kimanin mita 3.5 ta kowane gefe, kuma ƙa'ida ita ce aƙalla kashi 60 cikin ɗari ya kasance babu abin da ya shiga cikinsa, wato kan itatuwan ya kasance ƙasa da layin da kamar mita 2. Idan bai kai ba, a ƙara tsawon bututun ƙarfen da za a kafa a siton, a ɗaure shi da wayoyi ta gefe uku don kada iskar farkon damina ta karkatar da shi. Ƙara ƙarfin rediyo ba ya maganin ganye, musamman jiƙaƙƙe.

Malam Nura ya amsa:

Ni a ganina wannan hidima ta yi yawa a kan akawu ɗaya. A sa masa na'urar intanet mai layin waya a siton, a haɗa ta da ofis ta VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya ta cikin intanet, magana ta ƙare.

Injiniya Bala ya amsa:

Da lissafi ne kaɗai, da na goyi bayanka Malam Nura, amma kyamarori biyu masu aiki dare da rana za su cinye data mai yawa kowane wata, alhali rediyon sau ɗaya ake sayensa. Malam Isiyaku, idan an zo saiti, a mai da rediyon biyu gada kawai, wato su riƙa miƙa saƙo kamar waya, a bar na'urar babban ofishi ita kaɗai ta riƙa raba adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, domin idan biyu suna rabawa kwamfutoci za su rikice. A canza kalmar sirrin da suka zo da ita, a kunna tsarin tsaro na WPA2, sannan a riƙa juya su a hankali har ƙarfin saƙon ya tsaya tsakanin -50 da -65 dBm a ma'aunin da na'urar ke nunawa.

Malama Hadiza ta amsa:

Injiniya ya gama da maganar hange, ni kuma zan ja hankali a kan tsawa. Bututun ƙarfe a saman bene a daminar Zariya abin a yi hattara da shi ne, kuma ba sai aradu ta faɗa masa kai tsaye ba, wadda ta sauka a kusa ma tana iya biyo waya ta ƙona rediyon da duk abin da ke haɗe da shi a ofis. A binne sandar jan ƙarfe a ƙasa mai laima a haɗa ta da bututun, a yi amfani da waya mai sulke wadda aka yi domin waje, a kuma sa na'urar tare tsawa a inda wayar ke shiga gini.

Waɗannan rediyoyi ta cikin wayar kwamfutar suke samun wuta, kuma da yawa daga cikin na Ubiquiti bolt 24 suke sha, saboda haka kada a jona su da wani adafta ba tare da an karanta rubutun jikinsa ba. Galibi kowane ɗaya bai kai wat 10 ba, ƙaramin batir da inbata sun isa su riƙe shi idan an ɗauke wuta, amma a tanada a duka ɓangarorin biyu. Ƙurar hunturu ba ta cika damun 5 GHz ba. Dogon yaron ne zai ci gaba da tsawo, don haka a bar rarar mita ɗaya ko biyu a kan lissafin Injiniya.

Malam Isiyaku ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri. Na hau benen, ina hango tankin ruwan siton amma ba na hango rufin. Idan muka kafa bututu mai mita 6 a jikin ƙarfen tankin, zai ɗauka, ko sai an yi masa gindinsa daban da siminti?