Makin masaukin hutu ko kuɗi hannu: abin da masu shi suka ce

Waɗanda suka sayi kaso a masaukin hutu na karɓa-karɓa a Amurka, irin na Marriott Vacation Club ko Hilton Grand Vacations, sun daɗe suna muhawara kan kwana a otal cikin gari: a kashe makin da kamfanin ke ba su don kama ɗaki ne ko a ciro kuɗi?

Mafi yawansu sun ce lissafi za a fara yi. Makin nan ai ba kyauta ba ne, kowace shekara kana biyan kuɗin kula da gini. A ce kana biyan dala 1,500 kana samun maki 3,000, to kowane maki rabin dala ya tsaya maka. Idan ɗaki a Niyok zai ci maki 800 a dare, ka biya dala 400 ke nan ba ka ji ba. Sai ka duba nawa ake bayar da ɗakin da kuɗi a wannan daren.

A nan ne da yawa ke yin tsaki. Makin da zai ba iyali mako guda a Olando, garin shaƙatawa a jihar Florida, da ɗakuna biyu da kicin, kwana kaɗan zai yi a ƙaramin ɗaki cikin birni. Mayar da shi makin Bonvoy ko Hilton Honors, wato makin ladan kwana a otal-otal ɗin Marriott da na Hilton, shi ma yawanci faɗuwa ce.

Wasu kuma sun ce a kashe makin idan wa'adinsa ya kusa ƙarewa, ko lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi, kamar ƙarshen Disamba. Ni ma nan na fi karkata. Kuɗin ajiye mota dai, a mafi yawan otal ɗin birni, daga aljihu zai fito.