Kakanmu mai koren shanu: ta ina zan fara neman salsalarsa?

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife ni, kuma tun ina yaro babu abin da ke ɗaukar hankalina kamar labarin kaboyi, mahayan nan masu malafa da igiya da ke kora shanu a yammacin Amurka, har ga shi furfura ta fara fito mini ban daina bin tarihinsu ba. Mahaifiyata takan ce jini ne, domin kakanmu na wajen uba ya baro ƙasar Hausa da niyyar sauke farali, sai ya shafe shekaru yana koren shanun fatake daga Darfur zuwa Omdurman kafin ya zauna. Abin da ya bari shi ne tsohon sirdi, da likkafa ta tagulla, da ƙarfen lalas mai kama da ƙafar kaza. Wasu a gidanmu suna cewa Basakkwace ne, wasu kuma Bakatsine. Ta ina ya kamata in fara, kuma ko ƙarfen nan zai iya nuna mini garinsu?

Baba na Mai Wurno:
Wa'alaikumussalam, ɗana. Kada ka fara da takarda, fara da tsofaffin matan gidanku tun suna raye, domin su ne ke riƙe da sunayen kakanni, da kirarin gida, da wanda ya auri wa. Tambaye su irin tsagar da ke fuskarsa, ka sa su zana maka ita da yatsa a kumatu, sannan ka nuna wa tsohon wanzami, saboda tsagar Bagobiri ba ta ɓoyuwa, ta Babarbare ma haka. Bayan nan ka rarrabe abu biyu da yaranmu ke cuɗawa. Akwai mutanen hijira, waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. An kashe shi a Burmi a shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka sauka a gaɓar kogin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a nan garinmu da ake kira Mai Wurno. Akwai kuma mahajjatan ƙafa da suka riƙa biyowa ta Borno da Abeche da Junaina, suna tsayawa neman guzuri, da yawansu kuma noman auduga na Jazira, yankin da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, ya riƙe su bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925. Kowa a nan yana son a ce kakansa ɗan hijira ne, amma yadda ka ba da labari, naku ya fi kama da na biyun, kuma babu abin kunya a ciki.

Malamin makaranta:
Yaya, ni ta wajen kaboyi zan shiga, domin ina ganin a nan amsar ƙarfenka take. Zamanin da ake yi wa fim gajere ne ƙwarai, bai wuce shekara 20 ba. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi arha a Texas alhali suna da tsada a biranen arewa da gabas, sai aka riƙa kora su da ƙafa zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, musamman Abilene, ta hanyar Chisholm daga 1867. Garke ɗaya yakan kai kai 2,000 zuwa 3,000, mahaya wajen goma sha biyu ke tafe da shi wata biyu ko uku, suna kwana a fili, suna gadi da dare don kada shanu su firgita su watse. Sana'ar kanta daga makiyayan Meziko aka koyo ta, kuma da yawa daga cikin mahayan baƙaƙen fata ne, irin su Nat Love, ko da yake tsofaffin finafinai sun kawar da kai daga wannan. Waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da isowar layin dogo cikin Texas, da mugun sanyin 1886 zuwa 1887, su suka tashi harkar.

To, kaboyi ɗan ƙwadago ne, shanun ba nasa ba ne, kuma tambarin da ke jikinsu na mai garke ne. Kakanku ma haka aikinsa yake, saboda haka ina kyautata zaton ƙarfen na falken da ya yi wa aiki ne ko na wata kabilar Baggara, Larabawan nan makiyayan shanu, ba na gidanku ba. Nuna hotonsa ga tsofaffin dillalan shanu, za su iya gaya maka yankin da ake amfani da alamar, wato za ka san inda ya yi aiki, ba inda aka yanke masa cibiya ba. Sirdin ya fi ba ni sha'awa, domin ƙirar sirdin Hausa mai tsayin gaba da baya daban take, kuma tsohon baduku zai iya gane ɗinkin.

Hajiya daga Makka:
Ɗana, ka bincika ko wani ƙaninsa ko ɗan rakiyarsa ya ƙarasa ya haye Bahar Maliya ta tashar Sawakin, domin gidaje da yawa sun rabu biyu a hanya, rabi a Sudan rabi a nan, kuma na nan sukan ajiye wasiƙun ajami daga gida masu ɗauke da sunan gari da unguwa. Gwajin jinin nan na gano asali da kamfanoni ke yi kuwa ba zai raba maka Sakkwato da Katsina ba. Idan ka samu sunan gari ko na hakimi, sannan ne gidan adana tarihi na Kaduna da Gidan Arewa za su yi maka amfani.

Ɗan Gadarif:
Allah ya saka muku da alheri. Gwaggona da ke Kasala ta yi wayo a hannunsa, da ita zan fara, kuma zan sanya hoton sirdin da na ƙarfen a nan ko wani zai gane su.